Tafiya Mai Nisa A Kan Babur: Tsakanin Tawakkali Da Ganganci

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya sanya hanyoyi a cikinta, kuma ya hore wa ɗan Adam abin hawa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, abin da ya jawo wannan rubutu wata tambaya ce da samari uku suka kawo mana bayan sallar Isha'i, a nan Tsarnawa, a farkon sanyin bana. Mun amsa musu a wannan dare gwargwadon abin da ya sawwaƙa, amma da muka koma gida sai muka ga amsar ba tasu ba ce su kaɗai, domin da wuya a sami gida a wannan yanki namu, daga Ƙonni zuwa Malbaza har Illela, wanda babu babur a zaurensa.

Duk wanda ya san Tsarnawa ya san a bakin mararraba muke zaune. Babbar hanyar ƙasa, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Dosso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, ta ƙofarmu take wucewa ta nufi Madawa da Maraɗi da Damagaram, har ta dangana da Difa, tafiyar sama da kilomita 1,300 daga inda ta faro. A nan kuma wata ta rabu da ita ta yi arewa, ta bi ta Badagishiri zuwa Tawa, daga can ta haɗu da hanyar da aka shimfiɗa a ƙarshen shekarun 1970 domin jigilar yuraniyom, wadda ta kai Agadas da Arlit. Yaron da aka haifa a nan, tun bai iya ƙidaya ba yake jin ƴan kamasho suna kiran sunayen garuruwan da bai taɓa gani ba, yana kallon manyan motoci ɗauke da albasar Galmi da simintin Malbaza suna ɓacewa a ƙarshen kwalta. Ba abin mamaki ba ne in ya girma, ya mallaki abin hawa na kansa, zuciyarsa ta ce masa ya je ya gani da idonsa.

Shirin samarin shi ne su fita ta hanyar gabas su dawo ta hanyar arewa. Watau su bi Madawa da Maraɗi da Tasawa zuwa Damagaram, daga nan su haura ta Tanut zuwa Agadas, sa'an nan su gangaro ta Abalak da Tawa su sauka gida. In aka haɗa, tafiya ce ta kimanin kilomita 1,400, a kan irin ƙananan baburan nan da ake kabu-kabu da su. Ba fatauci za su ba, ba biki, ba ta'aziyya. Sun ce so suke su ga ƙasarsu. Ɗayansu har ya nuna mana a wayarsa labarin wani ɗan Najeriya, Kunle Adeyanju, wanda ya hau babur daga Landan a watan Afrilun 2022 ya isa Legas a ƙarshen watan Mayu, domin tara gudummawar yaƙi da cutar shan inna. Tambayarsu kuwa gajeriya ce: "Allah gafarta Malam, in mun kama hanya, ƙasaru za mu yi ko cikawa?"

Wannan ba ta da wuyar amsawa. A mazhabar Imamu Malik, wadda a kanta muka tashi, wanda ya yi niyyar tafiyar baridi huɗu, watau mil 48, kimanin kilomita 80 a awon yau, sunna ne a gare shi ya mayar da Azahar da La'asar da Isha'i raka'a biyu-biyu, tun daga lokacin da ya wuce gidajen garinsu har ya dawo, sai fa in ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wani wuri. Daga nan zuwa Tawa kaɗai ya wuce wannan awo. Amma malamanmu ba su bar maganar a sake ba. Shaihu Halilu, a cikin Muhtasar, ya cire mutum biyu daga wannan sauƙi: wanda tafiyar tasa ita kanta saɓo ce, kamar ɗan fashi ko wanda ya fita bisa bijire wa iyayensa, da kuma wanda ya fita domin wargi kawai. Na farko an hana shi, na biyu an karhanta masa. Ke nan ba za a iya gaya wa mutum raka'a nawa zai yi ba, sai an san wace irin tafiya ce ya sa a gaba. Samarin sun zo da tambayar salla, suka tarar da wadda ta fi ta nauyi tana jiransu.

Wani dattijo da ke zaune tare da mu bai jira mun buɗe baki ba ya yanke hukunci. Ya ce wannan yawon banza ne. Wanda ba shi da haja a Agadas, ba shi da majinyaci a can, me zai kai shi? Muna ganin girman wannan dattijo, kuma mun san abin da ya sa shi faɗin haka, don ya tsaya a kan gawarwakin samari ba ɗaya ba, ba biyu ba. Amma a wannan wuri ba mu tare da shi.

Alƙur'ani mai girma ya maimaita umurnin a yi tafiya a bayan ƙasa a yi duba, a Suratul Ankabut da Suratur Rum da Suratul Hajji da wasunsu. A cikin Rum ɗin kuma Allah ya ƙidaya bambancin harsunanmu da launukanmu a cikin ayoyinsa, a Hujurat ya bayyana cewa an yi mu dangi-dangi da kabila-kabila ne domin mu san juna. To, yaya za a san juna alhali kowa yana zaune a ƙofar gidansa? Saurayin da bai taɓa wuce kasuwar Ƙonni ba, abin da ya sani game da Babarbare ko Ba'abzine shi ne abin da ya ji a teburin mai shayi, kuma galibin abin da ake ji a can ba alheri ba ne. In ya kwana a zauren wani a Tanut, aka ba shi ruwa a wurin da ruwa ke da tsada, in ya tsaya a gindin hasumiyar masallacin Agadas, wadda aka gina da laka tun ƙarni na 16 kuma tsawonta ya kai mita 27, in ya ga fadar Sarkin Damagaram a birnin da ya riƙe mulkin ƙasar nan kafin a mayar da shi Yamai a 1926, lalle zai dawo da abin da ba a sayarwa a kasuwa. Gani ya kori ji.

Magabatanmu ma ba mazauna ba ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754 a Maratta, nan kusa da Galmi, har Agadas ya bi malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, domin neman ilimi. Ibn Baɗɗuɗa, mutumin Tanja, ya ratsa ta Takadda da Abzin a 1353, kuma da bai fito ba da an rasa abubuwa da yawa na tarihin wannan yanki. Fataken da suka riƙa kai jaki Gwanja su ɗauko goro, ba goro kaɗai suka yi safara ba, har da karatu da salla. Akwai ma wani abu da ke sa mu murmushi duk lokacin da muka zo kansa a karatun Risala. Ibn Abi Zaidin, wanda ya rayu a Ƙairawan ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya karhanta wa mutanensa zuwa fatauci ƙasar Sudan, watau wannan ƙasa tamu ta baƙar fata, kuma daga cikin dalilan da masu sharhi suka kawo akwai jefa rai da dukiya da addini cikin haɗari. Da kowa ya zauna, da wa zai kawo mana Risalar kanta? Amma darasin da ke ciki babba ne: malamin ya auna hukuncin tafiya ne da halin da hanya take ciki a zamaninsa. Mu ma haka ya wajaba mu yi.

Saboda haka muka ce wa samarin, fita domin ganin ƙasar Allah da sanin bayinsa ba wargi ba ne, in dai an gyara niyya. Suka yi farin ciki, har sun fara yunƙurin tashi. Muka ce su zauna, ba mu gama ba. Muka tambaye su ko suna da hular kwano. Suka dubi juna suka yi dariya, babbansu ya ce: "Allah gafarta Malam, ai hular kwano ba ta hana ajali. In kwana ya ƙare, ko a kan gado kake sai ka tafi."

Wannan magana gaskiya ce, amma an ɗauko ta ne domin a rufe ƙarya da ita, kuma babu wata magana da ta kai samarinmu kabari kamarta. Ba mu musun cewa ajali rubutacce ne, wanda ya musa wannan ya fita daga imani. Sai dai muna tambaya: mai wannan magana, me ya sa yake kulle shagonsa da dare? Me ya sa ba ya barinsa a buɗe ya ce in arziki ya ƙare ko da kwaɗo goma sai an sace? A kan dukiyarsa ya san sababi, a kan ransa kaɗai yake tuna ƙaddara. Alhali kuwa dukiyar ce ta fi kusa da zama tasa, rai amana ne aka ba shi, bai saya ba, bai gada ba, kuma Allah ya hana shi jefa shi cikin halaka, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara.

Wa ya kai Manzon Allah (S.A.W.) tawakkali? Ranar Uhudu sulke biyu ya sa, ga kwalkwali a kansa. Da zai yi Hijira, shi da Sayyidina Abubakar (R.A.) sun tanadi raƙuma biyu tun da wuri, aka ɗaure musu guzuri, suka ɗauki jagora masanin hanya da lada, suka fara yin kudu alhali Madina tana arewa, suka ɓuya kwana uku a kogon Sauru har ƙura ta lafa. Wannan shi ne wanda Allah ya yi wa alkawarin tsaro. Sayyidina Umar (R.A.) kuma, da ya nufi Sham ya sami labarin annoba a wani wuri da ake kira Sarga, sai ya juya da jama'arsa. Da Abu Ubaida (R.A.) ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna masa cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take, kamar makiyayin da ya zaɓi gefen kwari mai ciyawa ya bar mai fari. To, hular kwano ƙaddara ce, birki mai kamawa ƙaddara ce, tsayawa a yi barci in ido ya yi nauyi ƙaddara ce. Wanda ya bar su da gangan bai fi kowa imani ba, ya dai fi kowa sakaci.

Ya kamata kuma mai babur ya san abin da yake zaune a kai. Wanda ke gudun kilomita 80 a sa'a, a cikin daƙiƙa ɗaya tak yana cin mita 22. Waiwaye ɗaya domin amsa gaisuwa, ko leƙa waya, ya wuce tsawon sahu biyu na masallaci bai ga abin da ke gabansa ba. In kuma gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke bukata kafin a tsaya ninkawa yake yi sau huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ne ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Waɗannan su ne shekarun samarin da ke zaune gabanmu a daren nan. Ga hazon hunturu da ke rufe ido, ga yashin da iska ke tarawa a kan kwalta a arewa, ga amalanken jaki da ke tafe cikin duhu ba fitila, ga raƙumin da ke tsallaka hanya ba ya neman izinin kowa. Mafi muni kuma shi ne ƙwayar nan ta tramol, wadda wasu ke haɗiya wai don kada su gaji. Jiki ya gaji, ƙwaya ta hana shi faɗa wa mai shi. Wanda ya hau babur da maye a kansa, ba ma sai an yi dogon bincike a kan hukuncin tafiyarsa ba.

Kakanninmu ba su san inji ba, amma sun san hanya. Ayari ba ya tashi sai da madugu, ba a sauka sai a zangon da aka sani, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan ya dace da Sunna, domin Annabi (S.A.W.) ya yi umurni in mutum uku sun fita tafiya su shugabantar da ɗayansu, kuma ya tsoratar a kan matafiyi ya yi tafiyar dare shi kaɗai. Muka ce wa samarin su zaɓi madugu, kuma kada su zaɓi wanda ya fi su iya gudu, su zaɓi wanda ya fi su iya cewa a tsaya.

Akwai kuma wani abu da zamani ya kawo wanda fataken da ba su san shi ba. Babur, wanda talaka ke neman abinci da shi, shi ne kuma ya zama abin hawan masu kai hari a ƙauyuka. Saboda haka ne hukuma ta hana hawansa a jihar Difa a 2015, ta kuma hana shi a wasu sassan jihar Tilaberi a farkon 2020. Irin wannan doka tana sauyawa daga wuri zuwa wuri, daga lokaci zuwa lokaci, don haka wajibin matafiyi ne ya tambayi jandarmomi halin da ake ciki kafin ya shiga kowane yanki, ya riƙe takardunsa da na babur ɗinsa, ya tsaya inda aka ce ya tsaya. Ya kuma tuna cewa akwai ƙauyukan da ƙarar babura uku da magariba kan sa mata su kwashi ƴaƴansu su yi daji. Shari'a ta hana a firgita Musulmi, ko da cikin wasa. Baƙon kirki yakan shiga gari da rana tsaka, a hankali, ya nemi ƙofar mai gari ko liman ya faɗi ko shi wane ne.

Daga nan muka tambaye su ko iyayensu sun yarda. Biyu suka ce e. Na ukun ya sunkuyar da kai, ya ce mahaifiyarsa ta ƙi, amma yana ganin in ya tafi ya dawo lafiya za ta huce. Muka ba shi labarin Shehu Usmanu: lokacin da Malam Jibrilu zai wuce daga Agadas zuwa Hajji, Shehu bai bi shi ba, ya komo gida, domin bai sami izinin mahaifinsa ba. In an juya daga hanyar Makka saboda wannan, ina ga hanyar Tanut? Tafiyar da ba ta wajaba ba, in uwa ta hana ta saboda tsoron abin da zai sami ɗanta, ta shiga sahun tafiyar da muka ce babu ƙasaru a cikinta.

Duk abin da ya gabata ya shafi mahayi ne da mutanen gidansu. Saura wanda ba a shawarce shi ba, bai san da tafiyar ba, kuma shi ne ya fi kowa haƙƙi: mutumin da ke gefen hanya. Manyanmu suna tuna shekarun 1980, lokacin da Turawa masu tseren Faris zuwa Dakar ke ratsa ƙasar nan ta Agadas da babura da motoci, kafin tseren ya bar Afirka bayan an soke na 2008, ya koma Amurka ta Kudu, daga 2020 kuma ya koma Saudiyya. A tsawon shekarun da ya yi a wannan nahiya, an take mutane a garuruwa da ƙauyuka, har da yara ƙanana, kuma duniya ta riƙe sunayen gwanayen tseren ta manta nasu. Muna jin haushin wannan, kuma da gaskiyarmu. Amma mai babur ɗin da ke ratsa ƙauyen Musulmi ƴan'uwansa a guje ranar kasuwa, da me ya bambanta da su?

A nan za mu faɗi wani laifi namu, domin ya zama izina ga ƴan'uwanmu limamai. Wasu shekaru da suka wuce, wani saurayi baƙo, mai wucewa a kan babur zuwa gabas, ya buge yaro ɗan shekara bakwai da ke kora awaki a bakin hanya, a wani ƙauye kusa da mu. Kafin a kai yaron asibiti rai ya yi halinsa. Hukuma ta yi nata aikin. Bayan kwana uku dangin saurayin suka zo gaisuwa da buhun gero da goro, aka kira mu muka zauna. Mahaifin yaron, mutum mai haƙuri, ya ce: "Malam, ƙaddara ce. Allah ya ba mu, Allah ya karɓi abinsa. Mun yafe duniya da lahira." Kowa ya yaba, muka yi addu'a, aka shafa, aka watse. Mun san akwai sauran magana, amma muka ga wurin ya yi daɗi, muka ji nauyin ɓata shi, muka yi shiru.

Bayan shekara biyu sai ga saurayin nan ya dawo neman mu. Ya rame. Ya ce tun ranar bai sake barci mai daɗi ba, da ya rufe ido sai ya ga awakin nan suna watsewa. Ya ce ya san a ransa gudu yake yi fiye da kima, kuma ya hangi garken tun daga nesa, ya yi zaton zai wuce kafin su hau kwalta. Ya ce: "Allah gafarta Malam, an ce an yafe mini, to me ya sa ban ji an yafe ba?" A ranar muka gaya masa abin da ya kamata mu gaya masa tun farko.

Kisan kuskure, kamar yadda hukuncinsa ya zo a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i, yana ɗauke da haƙƙi biyu. Na farko diyya, wadda haƙƙin magada ce. Asalinta raƙuma 100, ko dinari 1,000 ga mutanen zinariya, watau sama da kilo 4 na zinariya, kuma dangin mai kisan ta wajen uba ne ke haɗuwa su biya a cikin shekara uku. Wannan magada suna da ikon yafe ta, kuma yafewar sadaka ce mai lada. Mu dai lura da girman adadin, domin mu san kimar ran da muke wasa da shi, kuma mu san cewa buhun gero da goro gaisuwa ce, ba diyya ba. Na biyu kaffara, wadda haƙƙin Allah ce: ƴanta wuya mumina, wanda bai samu ba, kamar yadda yake a zamaninmu, sai ya yi azumin wata biyu a jere. Wannan babu uban da ya isa ya yafe ta, babu limamin da ya isa ya ɗauke ta, kuma ba a fansarta da ciyarwa. Mutane da yawa a ƙasar nan suna yawo da wannan bashi a wuyansu ba su sani ba, saboda mu da muka sani mun ji kunyar faɗa.

Kada wani ya ce ai wannan hukuncin takobi ne da kibiya, bai shafi inji ba. Tun a Muwaɗɗa da Risala an tabbatar cewa mahayin dabba, da mai janta, da mai korarta, suna lamunin abin da ta taka. In an ɗora wa mahayi alhakin abin da doki ya yi, alhali doki yana da nasa ra'ayi, ina ga babur wanda ba ya motsi sai an murɗa shi? Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na ƙasar Burunai a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya wajibi ne a Shari'a, kuma haɗarin abin hawa yana ƙarƙashin hukunce-hukuncen jinaya, galibinsa a babin kuskure. Ta kuma bayyana inda ake ɗauke wa matuƙi alhaki, kamar in abin ya faru ne da wani sababi da ya fi ƙarfinsa wanda ba shi da ikon kauce masa, ko ya zama aikin wanda aka buge ne ya jawo shi. Saboda haka ba kowane haɗari ne ke wajabta kaffara ba, a kai wa malami ya bincika. Amma wanda ya san gudu yake yi, ko birkinsa ba ya kamawa, ko fitilarsa ta mutu, ko barci yake ji, kalmar ƙaddara ba za ta wanke shi ba. Mahaifin yaro shi ke da ikon faɗinta, domin a bakinsa haƙuri ce. A bakin mai babur kuwa, kafin ya sauke abin da ke kansa, gudun alhaki ce.

Saurayin nan ya yi azuminsa, ya faro daga farkon Muharram ya kai ƙarshen Safar, bai sha ko ɗaya ba. Ya aiko mana da saƙo daga baya cewa ya koma hawan babur, domin da shi yake ciyar da iyalinsa, amma duk ƙauyen da ya shiga sai ya sassauta har masu keke su wuce shi.

Wannan labari muka ba samarin uku a ƙarshen zamanmu, kuma ba wanda ya yi dariya a cikinsu. Muka ce musu tsakanin Tsarnawa da Damagaram kaɗai ƙauyuka nawa ne a bakin kwalta, kuma a kowane ɗaya akwai yaro mai kora awaki, akwai yarinya mai tallar gyaɗa, akwai tsohon da kunnensa ya yi nauyi. Wanda ya ɗauki niyyar wuce su duka ba tare da ya cuci ko ɗaya ba, ya sami yardar iyayensa, ya gyara abin hawansa, ya rufe kansa, ya bar tafiyar dare, to ya yi ƙasarunsa da natsuwa, kuma in tafiya ta matsa masa ya haɗa Azahar da La'asar, ya haɗa Magariba da Isha'i.

Biyu daga cikinsu sun tashi ranar Alhamis da ta wuce, bayan sallar Asuba. Sun sayo hulunan kwano a kasuwar Ƙonni, sun sa sababbin tayoyi, kowane ya ɗaura jarkar ruwa da kayan faci a baya. Na ukun bai tafi ba, shi ne ya raka su har mararraba ya dawo, kuma shi suke kira kowace magariba su gaya masa inda suka sauka, ya kai wa iyayensu labari. Jiya ya ce mana sun kwana a masallaci a Tasawa, liman ya aiko musu da tuwo. Ya kuma gaya mana, bayan mun matsa masa, cewa ƙaraminsu tun kafin su kai Malbaza ya cire tasa hular ya rataye ta a hannun babur, wai tana sa shi zufa. Mun karɓi lambarsa, kuma yau bayan Isha'i za mu kira shi da kanmu.